Shekara bakwai ana ba ta maganin sanyi: nazarin lamarin wata dattijuwa daga ƙasar Haɗeja

Da hantsi aka shigo da ita, wata ranar Litinin a tsakiyar Fabrairun 2022, sauran sanyin hunturu bai gama wucewa ba. Mata biyu na riƙe da ita, tana tafiya a duƙe, hannu ɗaya dafe da mara. Takardar da aka haɗo su da ita daga ƙaramin asibitin yankinsu layi biyu ce kacal: ana zaton yoyon fitsari ne, a duba ko za a wuce da ita Jahun, inda ake aikin masu yoyo. Sai dai abin da ya fito da su daga gida tun asuba shi ne fitsarin ya tsaya cak tun la'asar ɗin jiya.

Zan kira ta Inna, yadda 'ya'yanta suke kiranta. Da yardarta na rubuta wannan, kuma na cire duk abin da zai sa a gane ta ko ƙauyenta.

Ba ta san shekarunta ba, amma ta ce an kai ta ɗakin miji a shekarar da aka kashe Murtala, wato 1976, tana 'yar sha huɗu ko sha biyar. Kenan ta kai sittin ko ta ɗan haura. Haihuwa goma, duk a gida, bakwai na raye, autanta ya wuce shekara ashirin. Jinin al'ada ya ɗauke mata kimanin shekara goma sha biyu da suka wuce. Ba ta da hawan jini, ba a taɓa ce mata tana da ciwon suga ba, ba a taɓa yi mata aiki ba.

Marar ta kumbura har kusa da cibiya, ta yi tauri, ko taɓawa ba ta so a yi. Na ce wa sista ta kawo robar fitsari. Muka ja labule, muka fitar da kowa sai babbar 'yarta, na roƙi Inna ta kwanta. Ta daɗe tana riƙe da bakin zaninta. Ta ce, "'Yar nan, ke fa sa'ar 'ya'yana ce." Na ce, "Haka ne Inna, shi ya sa ba zan bari ki kwana da wannan azabar ba." Sannan ta saki.

Babu inda za a sa robar. Fatar gabanta ta yi fari fat, tana sheƙi, ta yamutse kamar takardar da aka cukuikuye aka warware. Farin ya zagaye gaban, ya tsuke a tsakiya, ya sake zagaye dubura, siffar lamba 8. Ƙananan leɓɓan sun narke, babu alamarsu. Ɗan tsaka ya nutse ƙarƙashin tabo. Ɓangarorin biyu sun haɗe a tsakiya tun daga sama har ƙasa, sun rufe ƙofar fitsari da ta haihuwa gaba ɗaya, in ban da wata 'yar huda can ƙasa wadda da ƙyar kan ashana zai shiga, ita ma ta kumbura ta toshe. Ga tsage-tsage, ga ɗigon jini kwance a ƙarƙashin fata, ga sawun susa.

Ta saman mara muka bi da allura muka zuƙe fitsarin. Abin da ya fito ya haura lita ɗaya, alhali mafitsara takan nemi a sauke ta tun tana da kamar rabin lita. Yana da kauri, yana wari. Tana samun sauƙi barci ya ɗauke ta, sai da yamma muka samu yin magana.

Yadda abin ya faro

Da ƙaiƙayi ya fara, shekara bakwai baya. Ƙaiƙayin dare, wanda ke tashinta daga barci ta yi ta susa har sai ta ga jini. Ta ce akwai daren da ta ɗauki totuwar masara. Ta gaya wa wata 'yar'uwarta, aka ce sanyi ne. Aka fara da abin da aka sani: zama cikin ruwan zafi da gishiri, ruwan bagaruwa, alif, wani lokaci har da jar kanwa. Ta rinƙa wanke wurin da sabulu sau huɗu sau biyar a yini, don ta ɗauka ƙazanta ce. Kowanne cikin waɗannan ƙara busar da fatar yake yi yana ƙona ta.

Daga nan sai kemis. Ba da ƙafarta take zuwa ba, jika take aika da saƙon "maganin sanyi na mata". A kawo matsi, a kawo kafso. Sau uku ta je asibiti da kanta a shekarun nan, wurare biyu daban. Duk zuwan, ta faɗi cewa tana ƙaiƙayi, aka rubuta mata matsi da ƙwayoyi, ta dawo. Na tambaye ta ko an taɓa dubawa. Ta ce ba a taɓa cewa ta kwanta ba, ita kuma ba ta so a ce ɗin ba.

Abu ɗaya ne ya taɓa yi mata aiki, wani man shafawa mai haɗi uku da aka sayo mata a kasuwa. Ta ce in ta shafa takan sami barci na sati biyu, in ya ƙare abin ya dawo. Irin wannan man yakan ƙunshi maganin kumburi mai ƙarfi a cikin haɗinsa, kuma da wani ya tsaya ya saurari wannan bayani, da ya nuna masa hanya.

A shekara ta uku kwanciya da Malam ta gagara. Fatar takan tsage, ta yi kwanaki tana jin raɗaɗi in ta yi tsarki. Ba ta yi wa kowa bayani ba, sai ta ce ta tsufa, ta bar wa abokiyar zamanta kwananta. Gidan ya karɓi maganar a haka, har ana yaba mata. A shekara biyun ƙarshe fitsari ya fara canzawa. Ya koma siriri, tana daɗewa a tsugune, in ta miƙe ta ɗaura zani sai ta ji yana bin ƙafarta. Nan ne ta daina zuwa biki da suna, ta daina zuwa Islamiyyar matan aure, ta koma sallah a ƙuryar ɗaki tana sake alwala tana kokwanto. Zazzaɓi da ciwon mara suka rinƙa zuwa suna tafiya, ana ba ta maganin maleriya da na taifot.

Yadda wannan yoyon yake faruwa yana da sauƙin ganewa in an ga wurin. Fitsari yana fitowa daga mafitsara lafiya lau, sai ya tarar da bango a gabansa. Kaɗan ya bi ta hudar, sauran ya koma baya ya taru a cikin farji kamar ruwa a salka. In ta miƙe sai ya rinƙa tsiyaya a hankali. Fitsarin da ya kwanta yana tara ƙwayoyin cuta, su hau mafitsara, wani lokaci har ƙoda. Kuma jiƙewar da fatar ke yi dare da rana tana ƙara hura wutar ciwon da ya haddasa toshewar. Mai yoyon fitsari na haihuwa ba haka take ba. Nata yakan fara ne kwanaki kaɗan bayan doguwar naƙuda, yana zuba ba tsayawa, ba ta ma jin mafitsara ta cika. Macen da ta yi shekara ashirin rabonta da haihuwa, in yoyo ya same ta sabo, dole a nemi wani dalili, kuma cikin abin da ake tsoro har da dajin bakin mahaifa da ya ci ya huda.

Akwai mutum ɗaya da ta duba Inna da idonta a duk shekarun nan bakwai, kuma 'yarta ce ta gaya mini a waje, murya ƙasa-ƙasa. Ungozomar ƙauyen ce. Wata biyu kafin zuwansu, da abin ya tsananta, aka kira ta, ta duba, ta ce gishiri ne ya toshe hanya, a kira wanzami ya yanka. Na daɗe ina juya wannan magana. Tsohuwar nan ta ga abin da mu masu takarda ba mu gani ba, saboda ita ta ɗaga zani ta duba. Ta faɗi gaskiya cewa hanya ta toshe. Maganin da ke hannunta ne abin tsoro. Yankan gishiri da aska ake yinsa, a makance, galibi ta ɓangaren gaba inda hanyar fitsari da mafitsara suke kwance, kuma sananne ne a asibitocin yoyon fitsari na Arewa cewa yana cikin abubuwan da ke kawo mata can. Ga zubar jini, ga tsatsar aska. A irin wannan fatar kuma, duk inda aka ji wa rauni nan ciwon yake sake kamawa, ya warke da tabon da ya fi na da tsukewa. Inna ce ta ƙi, don ta tuna wata ƙawarta ta ƙuruciya da aka yi wa, ba ta sake riƙe fitsari ba har ta rasu.

Abin da muka yi tunani, da abin da muka samu

Sunan ciwon a likitance laikin sikilirosus. Ciwon fata ne mai daɗewa, wanda mafi rinjayen fahimta ita ce garkuwar jiki ce take juyowa ta rinƙa yaƙar fatar wurin. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa wajen miji ko a banɗaki, ba a kuma shafa wa wani. Yana iya kama kowa, har maza da yara mata ƙanana, amma an fi ganinsa ga matan da al'ada ta ɗauke wa. A wannan shekarun sinadarin jikin mace da ake kira istirojin ya ja baya, fatar gaba ta riga ta yi laushi ta bushe, sai kumburin ya same ta ba ƙarfi. Kumburi ya jawo ƙaiƙayi, susa ta jawo rauni, rauni ya warke da tabo, ɓangarori biyu masu ɗanyen rauni su kwanta a kan juna su manne. Ga macen da ta daina kwanciyar aure, babu abin da ke raba su, sai mannewar ta yi ta ci gaba ba wanda ya sani.

Ban tsaya a kansa ba sai da na bi sauran. Wanda kowa ya yi ta yi wa magani, wato ƙaiƙayin nan mai farin ruwa kamar dagargajajjen awara da mata ke kira sanyi, ciwo ne na masu jini a jika. Yana son jikin da ke da istirojin. Bayan ɗaukewar al'ada ba kasafai ake ganinsa ba sai ga mai ciwon suga ko mai amfani da maganin istirojin. Wannan kaɗai ya isa ya sa duk ma'aikacin lafiya ya dakata in tsohuwa ta ce tana ƙaiƙayi. Mun auna sugan Inna da safe kafin ta ci komai, daidai yake. Gwajin ƙanjamau bai nuna komai ba. Da yake ƙauyensu a bakin fadama yake, ta yi rayuwarta tana shiga ruwa, mun nemi ƙwan tsargiya a fitsari, don tsargiya takan taɓa al'aurar mata, ba mu gani ba. 'Yarta tsoron kuturta take yi saboda farin. Tabon kuturta ba ya ƙaiƙayi irin wannan, mutuwa yake yi a daina jin taɓi, kuma mun duba sauran jikinta tas. Akwai ciwon da fata ke yin dabbare-dabbaren fari kawai, amma shi launi yake ɗaukewa, ba ya cinye leɓɓa, ba ya manne su. Kaciya ma na tambaya, don wanda bai sani ba zai iya ɗauka ɗinki aka yi mata. Hanyar da 'ya'ya goma suka bi ba a rufe take ba tun asali. Saura ɗan'uwan wannan ciwo, laikin filanus, wanda shi yakan shiga har cikin farji da baki. Bakinta lafiya, cikin kuma sai an buɗe za a gani.

Hoton ciki ya nuna ƙodojinta biyu sun ɗan kumbura saboda fitsarin da ke komawa baya, gwajin jini ya nuna aikinsu ya ɗan ja. Shimfiɗar cikin mahaifa siririya ce, milimita 3. Na damu da wannan awon saboda ta ce takan ga ɗigon jini a zani. Ko da ina ganin tsagewar da jinin zai iya fitowa daga gare ta, jini bayan ɗaukewar al'ada ba a yi masa uzuri sai an tabbatar ba daga mahaifa yake ba.

Washegari muka shiga tiyata, aka yi mata allurar baya mai kashe rabin jiki. Na zura siririn ƙarfe ta hudar don ya tsare abin da ke baya, na bi layin mannewar a hankali, wani wuri ya rabu da yatsa, wani sai da wuƙa. Gurɓataccen fitsari mai haɗe da mugunya ya zubo daga cikin farji. Ƙofar fitsari na nan lafiya a bayan tabon, robar ta shiga ba gardama. Cikin farji ya yi laushi irin na shekaru amma babu tabo, bakin mahaifa sumul. Na ɗebi 'yar tsokar fata daga wuri biyu, muka aika Kano a duba a madubin likita. Ban taɓa ɗan tsaka ba. Ba ya yi mata ciwo, babu ƙullutu a ƙarƙashinsa, tono shi ƙarin rauni ne kawai. Duka aikin bai kai minti arba'in ba.

Dangi suka yi ta godiya, a wajensu an gama. Na fahimci dalili, sun kawo ta ba ta fitsari, ga shi tana yi. Amma wuƙa tabon kawai ta raba, ciwon da ya yi tabon yana nan. A da, har a Turai, yanke fatar gaba ɗaya ake yi wa masu wannan ciwo, ya sake tsirowa a bakin ɗinkin. Sai a farkon shekarun 1990 aka tabbatar cewa man shafawa mai ƙarfi na rage kumburi, kilobetasol mai kashi 0.05 cikin ɗari, wanda aka fi sani da Dermovate, shi ne yake kwantar da shi. Tsarin da likitocin fata na Ingila suka shimfiɗa, wanda muke bi, shi ne a shafa kowane dare na wata ɗaya, sannan dare ɗaya a tsallake ɗaya na wata ɗaya, sannan sau biyu a sati na wata ɗaya. Kaɗan ake lakata, kamar ƙwayar wake. Bututu mai giram 30 ya kamata ya kai wata ukun nan. Mai maiƙo ake so, ya fi mai ruwa-ruwa zama a fata kuma bai cika yin zafi ba.

Da 'yarta ta ga kwalin sai ta dube ni. "Likita, wannan ai man bilicin ne. Wurin da ya riga ya yi fari kuma a ƙara masa?" Tambaya ce mai hankali, don a kasuwanninmu da wannan sunan aka san shi, kuma ta ga yadda yake lalata fuskokin 'yan mata. Takardar cikin kwalin ma gargaɗi take yi game da shafa shi a wurare masu laushi. Na zauna na yi mata bayani cewa a lafiyayyar fata, in aka yi ta lafta shi wata da watanni, sirantar da ita yake yi, amma a fatar da wannan ciwon ya kama, in an bi ƙa'ida, kashe wutar da ke cin ta yake yi. Na ce su saya a kantin magani mai rajista, su duba lambar NAFDAC, kada su karɓi mai haɗe-haɗe. Muka fara shafawa kwana biyu bayan aiki. Na hana sabulu a wurin, na hana ruwan zafi, bagaruwa, alif da kanwa. Tsarki da ruwa zalla, a tsane da tsumma mai laushi ba gurzawa, a shafa basilin marar turare kafin fitsari da bayansa. Kullum ta sa yatsa mai basilin ta raba ɓangarorin a hankali don kada su sake haɗuwa. An samo mata man istirojin daga Kano saboda bushewar ciki, an ba ta maganin ƙwayoyin cutar fitsari. Kwana biyar muka sallame ta.

Sakamakon Kano ya dawo bayan sati biyar: ciwon da muka zata ne, babu daji.

Ta dawo a farkon azumi, sati shida da aiki. Na ga wata mace daban. Ta ce tana barci har sai an tashe ta sahur. Tsage-tsagen sun warke, fatar ta yi taushi, ƙofa a buɗe, ƙodoji sun koma daidai a hoto. Ta tambaye ni ko man yana karya azumi, na ce a fata ake shafa shi, kuma da dare. A watan Mayu ta sake zuwa, wata uku cif, komai lafiya. Farin bai tafi duka ba, leɓɓan da suka narke ba su dawo ba, ba kuma za su dawo ba, na gaya mata haka tun farko. Na ce ta ci gaba da shafawa sau biyu a sati, ta dawo bayan wata uku.

Ba ta dawo ba sai bayan wata goma sha ɗaya.

Dawowa ta biyu

Daminar 2022 kowa a Jigawa ya san yadda ta kasance. Ruwa ya ci gonaki da gidaje a ƙasar Haɗeja da kewaye, ya yanke hanyoyi, shinkafarsu ta tafi, suka yi makonni a makarantar firamare. Da aka fara farfaɗowa sai ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ko na mota ba a samu. Waɗannan dalilai ne na gaskiya. Amma da na bi diddigi, man ya ƙare tun a watan Yuni, kafin ruwa ya zo, kuma ba wanda ya nemi wani. A nan laifina yake. Tun ranar farko na yi ta nanata "wata uku, wata uku", ina nufin zangon farko, su kuma suka ji cewa maganin na wata uku ne. Da na ce a ci gaba, a gurguje na faɗa, layi na jira a waje, ga mace ta warke tana murmushi. Sannan duk bayanina 'yarta na yi wa, ita kuwa a wani gari take aure, sati biyu ta yi ta koma ɗakinta. Ban taɓa tambayar wa ke kwana gida ɗaya da Inna ba. Ban kuma ba ta madubi na nuna mata da yatsanta ainihin inda za ta shafa ba, ashe ma a gefen cinya take shafa rabinsa.

Bayan ƙaramar sallah ta 2023 ta zo. Ƙaiƙayi ya dawo tun kaka. Kashi ɗaya cikin uku na abin da muka raba ya sake mannewa ta sama, ko da yake fitsari na fita. Abin da ya tsayar mini da rai wani wuri ne a ɓangaren hagu, girman ƙwayar gyaɗa, ya yi kauri, ya yi kaushi, da 'yar tsaga a tsakiya wadda ta ce ta fi wata biyu ba ta rufe ba, kuma zafinta daban yake da ƙaiƙayin da ta saba. Na laluba matsematsinta, babu kaluluwa.

Cikin mata ɗari masu wannan ciwo, waɗanda yake rikiɗe wa ya zama dajin fatar gaba ba su kai biyar ba. Adadin ba shi da yawa, amma ya ninka na sauran mata nesa ba kusa ba, kuma irin dajin da ke tsirowa a kan wannan fata ba ruwansa da ƙwayar cutar da ke kawo dajin bakin mahaifa, hanyarsa daban, kuma matakin da ke gabaninsa yakan yi saurin wucewa. Wani bincike da aka yi a Ostareliya aka buga a 2015 ya bi mata 507 masu ciwon. Cikin 357 da suka riƙe shafa magani yadda aka tsara musu, ba wadda ta sami daji ko matakin da ke gabaninsa. Cikin 150 da suka yi ta yi suna bari, bakwai sun samu. Saboda haka duk wurin da ya yi kauri, ko ƙullutu, ko gyambon da ya ƙi jin magani na 'yan makonni, ba a ƙara masa mai a jira, yanka ake yi a aika.

Na ɗeba a ranar, da allurar kashe zafi a wurin. Sakamako ya nuna ƙwayoyin fatar sun canza, sun kai matakin da ke gab da daji amma ba su ratsa ƙasa ba. Muka tura ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka yanke wurin da ɗan gefensa na lafiya, aka sake raba mannewar a zama ɗaya. Binciken abin da aka cire ya tabbatar bai ratsa ba, kuma an cire shi duka. Malam ya sayar da tumaki biyu kafin a yi wannan tafiya.

Wannan karon na ce a zo mini da wadda suke gida ɗaya. Abokiyar zamanta ce ta zo, mace mai kimanin shekara arba'in da biyar, wadda take kiranta Yaya. Sai a ɗakina ta fara jin dalilin da ya sa aka bar mata kwana shekarun baya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Haba Yaya, ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne. Da kin faɗa mini." Inna ba ta amsa ba, ta dai miƙa mata bututun man. Na kawo madubi, muka bi wurin tare su biyun suna gani, na sa Inna ta lakata ta shafa a gabana har sau biyu. Na faɗa da baki ɗaya, ba tare da ambaton wata ko shekara ba, cewa wannan man ita da shi har iyakar rai, kamar mai hawan jini da ƙwayarsa. Muka sake zangon farko daga tushe. Da aka zo kan sau biyu a sati, ita ta zaɓi ranakun: daren Litinin da daren Alhamis, tunda tana azumtarsu ba za ta manta ba.

Na tambaye ta, mu biyu kawai, ko tana son a taimaka mata ta koma karɓar kwananta, don akwai robobin faɗaɗa hanya da ake farawa da ƙarami a bi a hankali, akwai kuma ɗan aikin da ake yi a ƙofar ta baya in ta tsuke. Ta ce a'a, abin da take so shi ne ta yi sallah da alwala ɗaya, ta zauna cikin mata ba ta tsarguwa. Ban sake tayar da maganar ba, na dai ce ƙofa a buɗe take in ta canza ra'ayi.

Tun daga lamarinta na canza abu biyu a ɗakin da nake duba marasa lafiya. Macen da al'ada ta ɗauke wa in ta ce ƙaiƙayi, ba na ɗaukar biro sai na duba, ko layi ya kai bakin ƙofa, kuma in namiji ne ke kan aiki a nemo mace ta tsaya ko ta duba. Kunyar iyayenmu gaskiya ce, amma na lura yawancinsu jira suke a ce musu su kwanta, a ja labule, a yi musu magana da girmamawa. Ni ma a baya na sha rubuta matsi ga tsofaffin da ban duba ba, ban san ko nawa ne cikinsu suke ɗauke da irin na Inna ba.

Yanzu duk wata huɗu take zuwa, an yi mata gwajin tayiroid, wato halittar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, sau ɗaya a Kano saboda ciwon yakan zo tare da na tayiroid, ba a sami komai ba. Kowane zuwa sai ta kwance bakin zani ta fito da bututun, in duba abin da ya rage in kwatanta da ranar da aka buɗe shi. A zuwanta na ƙarshe tabon aikin ya kwanta, ƙofa na ɗaukar yatsa biyu, babu sabon kauri, sai wata 'yar tsaga ta baya kusa da dubura wadda ta ce ta biyo bayan taurin bayan gida. Na ce ta shafa kullum na sati biyu a wurin, ta ƙara shan ruwa da miyar ganye, in ba ta rufe ba kada ta jira ranarta. Ranar dawowar kuma ba na rubuta mata da kwanan watan Bature kaɗai. Na rubuta a kati saboda fayil, na gaya wa abokiyar zamanta da baki: Litinin ta biyu bayan Mauludi.